Rawayan Ɗigo a Faifan Hosea

Ranar Alhamis da hantsi, a shagon askin Hosea Gaither da ke titin Vine a birnin Kansas, aka zare faifai daga rigarsa ta takarda aka ɗora kan garmaho. Maimakon kiɗa, sai ga muryar wani fasto yana zabga wa'azi a kan wutar jahannama. Mutum huɗun da ke jiran aski suka fashe da dariya. Hosea bai yi ba. Ya ɗage allurar, ya karanta rubutun da ke tsakiyar faifan, sannan ya nemi kujera ya zauna, reza na hannunsa.

Faifan da ya kamata a samu a rigar nan, babu wanda bai san shi ba a unguwarmu. Shekara takwas da suka wuce, a 1935, Lucius Mabry ya kwashi makaɗansa goma sha biyu zuwa Chicago suka ɗauki waƙa ɗaya mai suna "Bar Ƙofar Baya a Buɗe". Hosea ne mai busa begila a ciki. Bayan shekara guda motarsu ta kife, haƙoransa na gaba suka zube, busa ta ƙare masa, ya koma aski. Kamfanin ya mutu, uwar faifan ta ƙarfe kuma aka narkar da ita saboda yaƙi. Sauran da ke hannun mutane an bi su an niƙe, don yaƙin ya tare hanyar ƙaron da ake yin faifai da shi, dole sai an niƙa tsoho a sami sabo. Iya saninmu, na Hosea kaɗai ya rage a duniya.

Ɗansa Ezell, kofur ɗin soja, yana gida hutun mako guda, ranar Litinin kuma jirgin ƙasa zai tafi da shi inda ba a faɗa wa iyaye. Shi ne ya je gidan rediyo ya roƙa har suka yarda za su sa faifan ubansa ranar Lahadi da ƙarfe uku, a shirin gaisuwar sojoji. Ya rubuta haka da manyan baƙaƙe ya manna a gilashin shago. Shi ne kuma ya kira 'yan sanda, ubansa na ce masa ya bari.

Sajan Alonzo Pettway aka turo. Mutum ne dogo, marar son magana, mai son a ce ya iya aiki, kuma ya iya ɗin. Ya duba kwaɗon ƙofa, lafiya lau. Tagar baya tana rufe da sakata, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. A kan katakon da ke bayan kujerar aski akwai fayafai sittin da wani abu a jere, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Yaushe rabonka da ganinsa, Mista Gaither?"

"Litinin da yamma. Na goge shi."

"Wa yake taɓa katakon nan ban da kai?"

"Babu. Ko Ezell ya san iyakarsa."

"Daga Litinin zuwa yau wa ya shigo?"

"Duk mai gashi a kai," in ji Hosea.

Ezell ya karɓe. "Baba, ka daina wannan. Sajan, jiya Roscoe Tolliver mai kantin faifai ya zo aski, kuma ya daɗe yana nacin a sayar masa. Virgil Crenshaw kullum yana nan, shi ne ma ya ce wata rana sai ya fasa faifan a kan Baba. Sai mai kawo wasiƙa. Sai matan coci masu tara fasassun fayafai, Mama Idella surukarka da wata, Baba ya shiga ciki ya ɗauko musu kwali guda."

Alonzo ya rubuta Roscoe, ya rubuta Virgil. Sannan ya ɗauki faifan wa'azin ya juya shi a hasken taga. Tsoho ne, amma an kula da shi. A gefensa akwai wata 'yar ɓalla kamar cizon yaro a jikin biskit. Ya sa babban yatsa ya shafa wurin, ya daɗe yana shafawa. Daga nan ya naɗe faifan a jarida ya sa a hammata.

"Sajan," in ji Hosea, bai ɗago ba, "in bai samu ba, shi ke nan. Faifai ne."

"Ba shi ke nan ba ne!" Ezell ya ɗaga murya. "Tun ina yaro nake gaya wa mutane ubana ya yi busa, suna kallon bakinsa suna dariya. Kafin in tafi sai garin nan ya ji."

Kantin Roscoe Tolliver yana titi na goma sha takwas. A ƙofa ya kafa allo: kawo tsoho, ka sayi sabo. Duro biyu cike da fasassun fayafai suna gefen kanta. Roscoe gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa ko a jana'iza.

"Ni? Haba Sajan! To, na so faifan, ban musa ba. Akwai wani Bature a New York da ke tara irinsu, da na samu da na huta wata shida. Amma jiya kumfa ce a fuskata tun da na zauna har na tashi, reza kuma a maƙogwarona. Ka taɓa ganin wanda ya yi sata a haka?"

"Da Hosea ya shiga ciki fa?"

"Na riga na fita. Tambayi mai wasiƙa, tare muka taka har kwanar titi." Ya miƙo hannu. "Mu ga abin da aka bari."

Alonzo ya warware jaridar. Roscoe ya riƙe faifan ta gefe-gefe kamar yadda 'yan sana'ar ke yi, ya hura, ya karkata shi.

"Ka ga, da ni ne, har da rigar zan tafi, don masu tarawa ba sa son faifai tsirara. Na biyu, a wannan marra da faifai ya fi nama wuya, wane ɓarawo ne zai bar wani a madadi? Wannan kuma ba daga duro ya fito ba. Dubi yadda yake sheƙi. Daga falon wani ya fito, inda ake goge shi duk Asabar. Ɓallar nan ma tsohuwa ce, bakinta ya yi sumul."

"Ban tambaye ka wannan ba," in ji Alonzo, ya karɓe da sauri.

"To, Allah ya ba da haƙuri. Amma in kana son ganinsa da rai ka hanzarta. Jibi Asabar da safe babbar mota za ta kwashe duk duron garin nan, nawa da na makaranta da na coci, sai injin niƙa." Ya yi dariya. "Ka san abin haushi? Shekara takwas ina zuwa shagon nan, ban taɓa jin farkon faifan ba. Tsohon ya ɗiga rawayan fensir mai maiƙo a daidai inda busarsa ta fara, nan yake sauke allura kullum. Son kai har a garmaho!"

Mai wasiƙa ya tabbatar da maganar Roscoe. Alonzo ya ja layi a kan sunansa.

Virgil Crenshaw shi ne mai ganga a ƙungiyar Mabry a da. Yanzu da safe yana aiki a mayanka, ƙarshen mako kuma ya yi kiɗa a duk gidan rawar da aka kira shi. Alonzo ya same shi a wani ɗan shagon abinci yana fama da gasasshen haƙarƙari da wake.

"An ce ka yi alkawarin fasa faifan a kan Hosea."

"Na yi, kuma ina nan a kan bakana. Kullum sai na faɗa. Shi kuma kullum ce min yake gangata kamar ana dukan katifa. Shekara ashirin muna haka. Zauna mana, Sajan, ko kakin naka ba ya lanƙwasuwa?"

"Ba na sanye da kaki."

"A cikin jikinka yake."

"Jiya kana shagon?"

"Daga ƙarfe biyu har aka rufe. Ina kan benci ina karatun jarida."

"Har lokacin da Hosea ya shiga ciki ɗauko kwali?"

Virgil ya ajiye ƙashin da ke hannunsa. "Me aka ce ya faru ne takamaimai?"

Alonzo ya gaya masa, ya nuna masa faifan wa'azin. Virgil ya dube shi, ya dubi Alonzo, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a jikin tsumma. Duk barkwancin nan ya bar fuskarsa.

"Me ka gani a lokacin?"

"Jarida."

"Virgil, kana zaune taku uku daga katakon."

"Jarida na gani, na ce."

"Ka san in ka ƙi magana kai zan tafi da shi?"

"Rubuta abin da ka ga dama, ɗan samari. Bari dai in ƙarasa wakena."

Aka ƙarasa wake, Alonzo ya tasa shi gaba har caji ofis ya sa shi a bayan kanta. Dattijo mai shekara hamsin da bakwai, aka karɓe masa ɗamara da igiyar takalmi a gaban yaran da ya girme wa iyayensu. Zan faɗi gaskiya ko da Alonzo zai ji haushina: ba shi da hujja ko ta sisin kwabo, kuma ya san ba shi da ita. Ranar bai iya cin abincin da matarsa Zenobia ta ajiye masa ba. Da ta tambaye shi abin da ke cikin jaridar da yake ta yawo da ita, sai ya ce kayan aiki ne, ya tura ta saman kabad.

Juma'a da sassafe ya koma shagon aski kafin kowa ya zo. Hosea yana wasa reza a jikin fata. Bai amsa gaisuwa ba.

"Ka saki Virgil."

"Zan sake shi. Amsa min abu uku tukuna. Faifan minti nawa ne?"

"Uku. Duk faifai uku ne."

Alonzo ya zaro wani daga katako ya miƙa masa. "Nuna min inda ɗigon yake."

Hosea ya ɗora yatsa can ciki, ya wuce rabi sosai.

"Kafin nan me ke ciki?"

"Kamar kowane faifai. Makaɗa su buɗe gaba ɗaya, mai waƙa ta shigo ta yi baiti biyu, sai ni, sai a rufe."

"Mutane sun ce don son kai kake tsallake farkon. Amma mai son kai yakan so a ji shigowarsa. Begila ba ta daɗi sai an jira ta. Ba makaɗan kake tsallakewa ba, Mista Gaither, mai waƙar kake tsallakewa. Wace ce?"

"A rubuce yake a jiki. Peaches Monroe."

"Tana ina yanzu?"

"Ta mutu."

"Yaushe?"

"Ranar da muka sauka daga mota a garin nan." Hosea ya rataye fatar. "Mu goma sha biyu muka ɗora hannu a kan gangar Virgil muka yi mata alkawarin rufa asiri. Biyar sun rasu da shi a bakinsu. Kada ka sake tambayata. Ezell ne ya je rediyo ban sani ba, kuma yaron da zai tafi yaƙi ban san yadda zan ce masa a'a ba. Ni na jawo, da na bari aka manna takardar can."

Alonzo ya tsaya da hula a hannu. Jiya ya san wa, yau ya san dalili, kuma babu wanda ya yi masa daɗi a ciki.

Ya tafi caji ofis ya buɗe wa Virgil da kansa. Tsohon ya zauna a benci yana zura igiyar takalmi a hankali, kamar ba shi da wurin zuwa. Aikin safiyar mayanka ya riga ya wuce shi.

"Ka gano ne," in ji shi, "ko ka gaji da yi wa kanka ƙarya?"

"Mista Crenshaw, ka yafe min."

"Jiya Virgil ne, yau Mista. Kwana ɗaya a nan yana ƙara wa mutum girma ashe." Ya miƙe ya ja wandonsa. "Na ga yadda ka riƙe faifan nan jiya. Ba a riƙe shaida haka. Ka je ka yi aikinka, amma ka cire hula in ka shiga."

Mama Idella Pruitt tana ɗakin girki tana gugar rigunan mawaƙan coci, farare guda ashirin da huɗu. Shekara bakwai ke nan ita ce shugabar mawaƙan. Mace ce da in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna zunubin da ka manta. Mijinta ya rasu Zenobia na ƙarama, ita kaɗai ta raine ta, kuma Alonzo yana jin nauyinta fiye da na babban jami'insa.

"Alonzo, da rana tsaka? Zenobia lafiya? Zauna, akwai burodin masara da ɗumi."

"Na ƙoshi, Mama."

Ya cire hula. Ya warware jaridar ya ajiye faifan wa'azin a kan tebur, tsakanin kwanon sitaci da tulin riguna. Ta dube shi sau ɗaya, ta ci gaba da guga. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ƙasa ba ta yi wa kowa wannan alfarmar.

"Shekara huɗu da suka wuce," ya fara, idonsa a kan tebur, "ranar da na zo neman auren Zenobia, jikina na rawa na ture faifan nan da gwiwar hannu. Gefensa ya ɓalle. Kika ce ba komai, wa'azin bai fara daga nan ba."

"Na tuna."

"Ba a fasa ƙofar Hosea ba, ba a taɓa sauran fayafai ba. Wanda ya ɗauka guda ɗaya yake so, kuma ba don ya sayar ba, da ya tafi da rigar. Minti biyu kaɗai katakon ya zauna ba mai shi, lokacin da ya shiga ɗauko muku kwali. Wadda kuka je tare tana waje tana riƙe da amalanke. Virgil yana ciki, ya gani, ya zaɓi ya kwana a kulle da ya faɗa. Hosea kuma shekara takwas yana sauke allura bayan mai waƙa ta gama, a shagon da rabin masu zuwa aski suke jin muryarki duk Lahadi. Zenobia ta taɓa gaya min tana da shekara goma sha huɗu kika tafi Chicago jinyar wata inna, wata biyu. Ba ta taɓa ganin innar ba."

Mama Idella ta ajiye dutsen guga a kan murhu. Ta cire tabarau ta ninke.

"Ba sata na yi ba," ta ce. "Musanya na yi. Faifai a bakin faifai, kamar yadda ake yi a kanti. Na ma ba shi wanda ya fi nasa amfani."

"Mama."

"Na sani. Bar ni in ji yadda maganar take a baki, tun shekaranjiya nake gaya wa kaina ita." Ta zauna. "Virgil ka ce? A kulle?"

"Ni na kulle shi. Tun a shagon na gane ɓallar nan. Na rubuta sunan kowa ban da naki, na je na kama dattijon da na san bai yi komai ba, don kada in tsaya a inda nake tsaye yanzu."

"To, mu biyu ke nan," ta ce a hankali. Ta rufe fuska da tafin hannu, ta daɗe a haka. Da ta buɗe, ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba. Kowa ya sami abin kallo a jikin tebur.

"Ka san abin da ya fi ci min rai? Da yunwa ce ta kai ni, da tuni na yafe wa kaina. Ba yunwa ba ce, ina da wankau da gugata. Mabry ya ji ni ina waƙa a wani biki ya ce in zo, na bar 'yata wurin maƙwabta na bi motar maza goma sha biyu. Kuma na ji daɗi, Alonzo. Mutum goma sha biyu su taso da kiɗa a bayanka kamar jirgin ƙasa, kai kana gaba. Ban taɓa jin daɗin wani abu haka ba, har a coci, Allah ya gafarta min. Da na dawo na ga Zenobia ta rame, na rantse Peaches ta mutu."

"Wannan ai ya wuce, Mama."

"Bai wuce ba. Bara na kori Ozella Banks daga cikin mawaƙa don an gan ta tana waƙa a gidan rawa. A gaban kowa na karɓe rigarta. Yarinyar tana kuka, ni ina karanta mata aya. Uwarta har yau ba ta iya haɗa ido da ni, tana ganin ni ce mai tsarki. Ranar Lahadi in aka sa faifan nan, me zan ce wa Ozella?"



"Faifan yana cikin duron coci?" Alonzo ya tambaya. "Gobe mota za ta zo."

"Ni na kawo shawarar tara fayafan nan a coci, ka sani? Kowa ya ce kishin ƙasa ne. Guda uku na samu na Peaches, na jefa da hannuna." Ta miƙe, ta ɗaga tulin rigunan da ta goge. Faifan yana ƙasa, a naɗe cikin tawul. "Wannan sau uku ina kai shi bakin duro. Sai in tuna bakin Hosea. Jiya na rufe tagogi na sa shi. Ban taɓa ji ba, ko sau ɗaya."

"Yaya yake?"

"Yarinyar ta iya waƙa," ta ce.

Ya miƙa hannu zai karɓa, ta hana. Ta shiga ɗaki ta sa hular coci da safar hannu, ta ɗauki faifan ta rungume a ƙirji. Haka suka bi titin Vine da rana tsaka, ita a gaba, ɗan sandan a baya kamar shi aka kamo.

A shago akwai Hosea da Ezell, da Virgil a kan bencinsa. Ta ajiye faifan a kan kujerar aski.

"Kofur, ni na ɗauki kayan ubanka. Virgil, ban san da wane baki zan yi maka magana ba."

"Kada ki yi, 'yar'uwa. Na taɓa kwana a wurin da ya fi can muni, kuma biya na yi."

Ezell ya buɗe baki, ubansa ya ɗaga masa hannu. Hosea ya warware tawul ya duba faifan gaba da baya.

"Idella, zan bi shi gidan rediyon da kaina. Zan ce wa mai sawa ya fara daga ɗigon. Minti ɗaya ya ishe ni, da ma shi ne nawa."

"Shekara takwas kana cin rabin tuwonka saboda ni," ta ce. "Ana ce maka mai son kai, kana shiru."

Ta ciro farin hankici daga jaka, ta naɗe shi a yatsa, ta sunkuya ta goge rawayan ɗigon. Maiƙo ne, bai fita da sauƙi ba. Sai da ta murza sau huɗu. Ta ninke hankicin da tabon a ciki ta mayar jaka, ta ce musu sai an jima, tana da sauran riguna tara.

A rahotonsa Alonzo ya rubuta cewa an samu kayan, mai kaya ya janye ƙara. A layin ƙarshe ya ƙara cewa an tsare Virgil Crenshaw kwana ɗaya ba tare da hujja ba, laifin jami'in bincike ne. Babu wanda ya sa shi. An ɗora masa sintirin ƙafa na wata uku.

Ranar Lahadi da safe Mama Idella ta jagoranci waƙa kamar kullum. Da aka tashi, aka ga ta nufi gidan su Ozella da farar riga a hannu. Abin da suka ce wa juna ba mu ji ba.

Ƙarfe uku saura kwata shagon Hosea ya cika har bakin titi, an ƙure muryar rediyo, yawancinsu da kayan coci a jiki. Zenobia tana tsaye kusa da mijinta, ba ta san komai ba, don ya kasa gaya mata. Mai shela ya gai da Kofur Ezell Gaither, ya ambaci sunan waƙa, sai makaɗan Mabry suka taso gaba ɗaya. Ƙafafu suka fara buga ƙasa. Roscoe ya ce, "Yau dai zan ji farkon abin nan kafin in mutu."

Sai mai waƙa ta shigo.

Kafin ta kai ƙarshen layin farko ƙafafun sun tsaya. Wani dattijon coci ya cire hularsa, ya rasa dalili, ya mayar. Roscoe ya buɗe baki, karo na farko a tarihi babu abin da ya fito. Zenobia ta damƙe hannun Alonzo har faratanta suka shige shi.

"Alonzo," ta ce a hankali. "Wannan ai..."

Ya gyaɗa kai, idonsa a kan takalminsa.

Ta juya. Ta cikin gilashi, a wancan gefen titi, Mama Idella tana tsaye da hularta da jakarta, Ozella a gefenta. Ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba. Zenobia ta saki hannun mijinta ta kutsa cikin mutane ta fita.

Muryar ta sauka, aka yi ɗan tsit na bugun ganga biyu, begila ta shigo. Ba mu taɓa jin ta haka ba, mu da muka saba jin ta daga tsakiya. Ashe amsa take ba wa mai waƙar. Hosea yana tsaye a bayan kujerarsa, yatsunsa uku suna tashi suna sauka a kan matajin da ke hannunsa. Ezell bai kalli rediyo ba ko sau ɗaya. Bakin ubansa yake kallo, hawaye na sauka a kan kakinsa bai share ba.

Virgil ya matso ya zunguri Alonzo da gwiwar hannu.

"Ɗago kanka, Sajan," ya ce. "Matar da ta fi ka abin jin kunya ga ta can a tsaye, kanta a sama."